Ruwan Farko na Buta Ne

A majalisarmu ta Jiga Makera akwai wata doka da ba a taɓa zama an yanke ta ba, amma duk wanda ya karya ta sai ya sha harara: ba a zuba ganyen shayi cikin buta mai sanyi. Idan ruwa ya tafasa, sai a ɗebi kofi guda a zuba cikin butar tana wayam, a rufe, a jujjuya ta har sai bayan hannu ya kasa jure taɓa gefenta, a juye, sannan a nemi ganye. Baƙon da bai saba da mu ba yakan zuba ido yana kallon yadda ake tsiyaye ruwan da aka sha wahalar fifita wuta kafin ya tafasa, ya rasa ko ya yi magana ko ya yi shiru. Yawancinsu shirun suke zaɓa. Masu tsaurin ido su tambaya, mu kuma mu ba su amsar da muka gada: ruwan farko na buta ne.

Daga Kawu muka gaje ta. Kawun wasunmu ne na jini, sauran ara suka yi, har ta kai liman ma Kawu yake ce masa. A zaurensa muke zama bayan isha'i, mu tara idan an cika: manoman albasa shida, malamin firamare ɗaya, tela ɗaya, sai direban da ke jigila tsakanin Jega da Yawuri, wanda yakan yi kwana biyu ba mu sa shi a ido ba. Kawu ya haura tamanin. Yana yaro, kafin a ba da mulkin kai a 1960, aka kai shi Birnin Kebbi ya zama yaron wani kuku a gidan saukar Turawa. Aikinsa faskare da wanke-wanke. A can ya fara ganin farar butar tangaran da kukun ke riƙewa kamar jariri, a can kuma ya sha dundu ranar da ya zuba mata ganye bai ɗumama ta ba. Ya ce kukun bai taɓa yi masa bayanin dalili ba. Dundun shi ne bayanin.

Karatunsa na biyu ya zo masa har gida. A farin 1973 zuwa 1974, lokacin da dabbobi suka ƙare a ƙasar Azbin, Buzaye suka gangaro kudu, wasu suka kama gadi a birane, wasu suka tsaya a ƙauyuka irin namu. Ɗaya daga cikinsu ya yi wata bakwai a wannan zauren da muke zama. Kawu ya ce mutumin ya iso ba shi da raƙumi, ba shi da akuya, amma cikin jakar fatarsa akwai 'yar shuɗiyar buta, da kofunan gilashi uku naɗe a tsumma, da ƙullin koren ganye. Kullum da yamma sai ya roƙi garwashi. Kawu ya zauna gefe yana kallo, sai ya ga shi ma ba ya shan ruwan farko: ya zuba wa ganye ruwan zafi kaɗan, ya girgiza, ya zubar, ya ɗauraye kofunan da ɗumi, sannan ya fara dahuwa ta gaske. Kawu ya ce a ranar ya yanke cewa abin da Bature da Buzu suka haɗu a kansa, alhali ba su taɓa zama sun yi shawara ba, to akwai gaskiya a cikinsa.

Su biyun kuwa hanyoyi biyu ne da shayi ya biyo ya iso mana, har bakinmu ma yana riƙe da shaidar. Muna cewa shayi, kalmar da muka karɓa daga Larabawa, muna kuma cewa ti, wadda ta zo da Turawan Ingila. Dukansu biyu daga ƙasar Sin suka samo asali, ɗaya ta biyo tudu, ɗaya ta biyo teku. Koren ganye ya ratso Sahara daga Maroko a hannun fatake da makiyaya, baƙin ganye ya hauro daga bakin teku cikin akwatunan kamfanoni, da madararsa ta gwangwani. Jega kuwa mararraba ce tun ƙarni na 19, tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa ta kasuwarta ke haɗa mutanen arewa da na kudu. Don haka ba mu yi mamaki ba da buta biyu suka haɗu kan tabarma ɗaya a zauren Kawu. Akwai farar tangaran babba, wadda ya saya a kasuwar Jega da kuɗin albasarsa ta farko don ta yi kama da ta kukun nan. Akwai kuma 'yar shuɗiya ta ƙarfe mai fenti, irin ta Buzun, wadda aka ɗaure murfinta da waya. A farar muke fara baƙin shayi da citta da kanumfari, a sauke ta gefe ya tsumu. A shuɗiyar ake yin na Buzaye bisa garwashi, zagaye uku. Dukansu biyu sai sun sha ruwan farko.

Wanda bai san hunturun fadama ba zai ɗauka wannan duk iyayi ne. Ƙasar Aliero ƙasar albasa ce, kowa ya sani, amma masu ganin buhuna jibge a kasuwa ana lodin manyan motoci zuwa Legas da Anaca ba su san da ƙarfe nawa ake tashi ba. A Disamba da Janairu mai ban-ruwa yana cikin fage tun kafin gari ya waye, ƙafarsa cikin laka mai sanyi, iska tana yanka masa kunne. Da yamma ya dawo da faso a dundunniya da leɓe a tsage. In irin wannan mutum ya zauna a zaure aka miƙa masa kofi, yana so ya ji zafin ya ratsa tafin hannunsa kafin ya kai baki. Ka ba shi shayi mai ɗumi-ɗumi, tsararo, ganye bai saki jiki ba, zai sha ya yi godiya, domin an yi masa tarbiyya, amma gobe zai sami uzuri.

Shekaru muka yi muna bin dokar ba mu tambaya ba, sai da jikan Kawu ya fara zama cikinmu. Yana karatun kimiyya a jami'ar da ke Aliero, yakan zo ƙarshen mako. Mu da muke 'ya'ya ba mu isa mu ja da Kawu ba, amma tsakanin jika da kaka akwai wasa, kuma yaron ya san haƙƙinsa. Wani dare yana kallon ana juye ruwan farko sai ya ce, "Tsoho, wannan fa asara ce. Gawayin nan saye ake yi."

Kawu bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ɗan boko, in ba ka ba buta nata ba, ita ka ɗauka da kanta. Cikin naka za ta ɗauka."

Yaron ya yi dariya, ya zaro waya ya ce bari ya lissafa ya kunyata tsoho. Muka matso muna leƙe. Ya ɗauki farar butar ya auna ta a hannu, ya ce ta kai rabin kilo. Ya ce a daren hunturu irin wannan jikinta bai wuce digiri 15 ba, ruwa kuma a nan ƙasarmu yana tafasa ne dab da digiri 100. Ya danna, ya goge, ya sake dannawa. Can sai ya yi shiru. Lissafinsa ya nuna cewa in aka zuba rabin lita na tafasasshen ruwa cikin wannan buta tana sanyi, kafin a ce kwabo zafin ya sauko zuwa wajen 85, tun ba a sa abin da iska ke kwashewa ba. Baƙin ganye kuwa yana son ruwa yana dab da tafasa kafin ya saki launinsa da ƙarfinsa. Wato kusan digiri goma sha biyar buta ke karɓa a matsayin la'ada, ko an ba ta ko ba a ba ta ba. Kawu ya miƙa masa kofi ya ce, "To, wayag ga taka ta hi ka hankali."

Amma yaron bai sauka ba, kuma a nan ne muka ga amfanin karatunsa. Ya nuna shuɗiyar buta ya ce, to wannan fa? Ita ai bisa garwashi take zama, wuta ce ke ƙarƙashinta har a gama. Sanyin da take da shi cikin minti guda wuta ta kore shi. Ga ta siririya, ƙarfenta bai kai ya sha wani zafin kirki ba. Koren ganye ma ba ya son ruwa mai tsananin zafi kamar baƙi. Abin da Buzun Kawu ke yi, in ji shi, wanke ganye ne don a rage ƙura da ɗaci, da ɗumama gilashi don kada ya tsage. Ɗumama butar kanta ba shi da wani aiki. Ya ce Kawu ya ga abu biyu masu kama ya ɗaura musu aure.

Gaskiya ya faɗa, mu ma mun gani. Kawu ya yi shiru na ɗan lokaci yana gyara garwashi da tsinke, sannan ya ce shi dai ba ya raba 'ya'ya, in ya ba babba sai ya ba ƙarama. Aka yi dariya, aka bar maganar a nan.

Malamin makarantarmu ne ya dawo da ita bayan mako guda. Ya ce ya karanta cewa George Orwell, marubucin nan na Ingila wanda Bala Abdullahi Funtua ya fassara littafinsa da sunan Gandun Dabbobi, ya taɓa rubuta maƙala guda a 1946 kan yadda ake dafa shayi. Ya jera ƙa'idoji goma sha ɗaya, ɗaya daga ciki ita ce a ɗumama buta tukuna, shi ma har ya fi son a aje ta kusa da wuta a kan a ɗauraye ta da ruwan zafi. Kawu ya gyara zama, ya ce lallai Baturen ga ya san abin da yake yi. Sai malam ya ƙara da cewa ƙa'idarsa ta ƙarshe ita ce kada a sa suga. Kawu ya ce to nan sun rabu, Allah ya raka taki gona.

Sai kuma maganar inda ruwan farkon ke zuwa, wadda ta fi ta Orwell zafi, domin ta taɓa addini. Wani daga cikinmu ya ce zubar da ruwa almubazzaranci ne, ga shi yara ne ke ɗebo shi a jarka daga famfon tuƙa-tuƙa. Ya kawo shawara a riƙa juye shi a butar alwala, Kawu ya samu ruwan ɗumi. Shawara ce mai kyau a ido, har an yi kwana biyu ana yi. Liman ya leƙo wani dare, ya karɓi butar ya tsiyaya kaɗan a tafin hannu ya shinshina. Farar butar nan ta yi shekaru tana shan ganye, cikinta ya rine, duk ruwan da ya shiga sai ya fito da ɗan ja-ja da ƙanshin kanumfari. Liman ya tuna mana abin da muka karanta tun muna yara a Ishmawi: ruwan da wani abu mai tsarki ya canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi, ana iya amfani da shi a al'ada, amma ba a ibada da shi. Shi ke nan. Yanzu ruwan farko yana fita daga buta ya shiga kofuna ya ɗumama su, daga kofuna ya koma wani tsohon kwano, da safe in ya huce a ba 'yar na'ana'ar da ke bayan zaure. Na'ana'ar kuma ita ce ke dawowa cikin zagaye na biyu.

Matan gidajenmu, da suka ji muna ta wannan muhawara, dariya suka yi mana. Su ba su taɓa buƙatar Bature ko Buzu ba. Duk macen da ta taɓa jinyar mai jego ta san ba a juye tafasasshen ruwa cikin filas mai sanyi. In mai kwalba ne a ciki, yana iya tsagewa da sanyin asuba, ka ji ƙara kamar an harba bindigar yara, kuɗi sun tafi. In ma bai fashe ba, ruwan da aka zuba da dare don sahur sai a tarar ya yi laushi. Saboda haka sukan zuba kaɗan, su rufe, su ba shi ɗan lokaci, su juye, sannan su cika. Inna, uwargidan Kawu, ta ce da mun tambaye ta tun farko da an huta da ɓata batirin waya.

Mai shayin tasha kuwa duniyarsa daban. Ka tsaya tashar Jega da asuba ka gani: ƙatuwar butarsa ba ta sauka daga wuta, matsalarsa ma zafin ne ya yi yawa, shi ya sa yake ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi daga wannan zuwa wancan don ya huce, fasinja na sauri direba na danna oda. Amma ko cikinsu, mai lura yakan gane na kirki: wanda zai fara ɗauraye maka kofi da ruwan zafi kafin ya fasa madara.

Duk wannan hira ce, da a nan abin ya tsaya da ba mu ɗauki alƙalami ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka ce an cire tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ba ta kuma tsaya nan ba. Mu da injin ban-ruwa ke shan fetur kamar raƙumi, mun san me wannan ke nufi tun kafin rani ya zo. Suga ya bi, ganye ya bi, madara tuni muka yi ban kwana da ita. Mutanen birni da gas ya gagara suka koma gawayi, gawayin ma ya ɗaga kai. Majalisarmu da karo-karo take tafiya, kowa ya jefa abin da aka tsayar ranar Juma'a a wani gwangwani. Sau uku muka ƙara kuɗin cikin shekara guda. A ƙari na uku muka lura tabarma ta yi faɗi. Mutum biyu sun daina zuwa. Ɗaya ya ce mura, ɗaya ya ce gajiya. Babu wanda ya yarda, babu kuma wanda ya ce bai yarda ba.

Sai direbanmu ya kawo shawara, kuma ba shawarar banza ba ce. Ya ce a daina hura gawayi a zaure gaba ɗaya. Kowane dare gida ɗaya ya dafa ruwa a kan wutar tuwo, a cika filas, a kawo. A sayi Lipton ko Highland na Mambila, kowa ya jefa nasa a kofi, minti biyar an gama. Babu ɗumama buta, babu zagaye uku, babu jira. Ya lissafa mana, kuɗin ya sauko ƙasa da rabi. Da wannan, in ji shi, waɗanda suka janye ma za su iya dawowa ba tare da jin nauyi ba.

Muka gwada, mako biyu. Shayin bai yi laifi ba, ba za mu yi masa ƙazafi ba. Su biyun ma sun dawo. Abin da ya faru shi ne kafin ƙarfe tara zaure ya watse. Mutum ya shigo, ya yi sallama, ya tsiyaya, ya sha, ya ɗan latsa waya, ya ce sai da safe. Babu abin da zai riƙe shi. A da, daga hura wuta zuwa kofin ƙarshe sai a ci sa'a biyu, kuma ba wanda ke tashi a tsakiya, domin barin zagaye na uku cin fuska ne ga mai dahuwa. Kawu bai ce uffan ba cikin makonni biyun nan. Yana karɓar kofinsa ya riƙe har ya huce. Butocinsa biyu suna kife a lungu.

Daren da aka koma wa gawayi ba shawara aka yi ba. Matar da ke da aikin cika filas ta tafi gidan suna, aka rasa ruwa, tela ya ce bari ya hura kurfoti. Aka jawo farar buta aka kakkaɓe. Ruwa ya tafasa, ya zuba kofin farko, ya rufe, ya kama ta da tsumma yana jujjuyawa. Duk wanda ya taɓa zama irin wannan wuri ya san yadda ake yi a wannan ɗan lokaci: hira takan tsaya, idon kowa ya koma kan buta. Ba a kallon juna. A daidai nan ne ɗaya daga cikin mutum biyun nan, shi ma idonsa na kan buta, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Albasata ta ruɓe."

Ba wanda ya juya. Tela ya ci gaba da jujjuya buta, ya wuce lokacin da ya kamata ya juye. Mutumin ya ci gaba. Ya ajiye albasar bara a rumbu yana jiran ta yi tsada, da kuɗin wani dillali ya yi noman, damina ta shigo da laima, da ya buɗe sai wari. Abin da ya tsira bai biya rabin bashin ba. Dillalin ya ba shi wa'adi, in ya wuce zai karɓi fagen da ya gada. Wata huɗu yana ɗauke da wannan, matarsa ma ba ta sani ba. Ya gama, tela ya juye ruwan da ya riga ya huce, ya sake ɗibar wani mai zafi ya zuba, ya sake jujjuyawa, kamar na farkon bai yi ba. Sai a lokacin Kawu ya yi magana, ya ce, "Nawa na?"

Ba za mu ce mun biya masa bashin ba, ba mu da shi. Abin da aka yi shi ne Kawu da liman suka taka har Aliero suka zauna da dillalin, aka raba biyan kashi uku. Mu shida muka ba shi aron inji kwana bibbiyu, direba ya kai masa kayansa kasuwa sau biyu bai karɓi ko sisi ba. Har yanzu da saura a kansa. Fagen dai yana hannunsa.

Mun sha tattauna wannan dare a tsakaninmu, ba a gabansa ba. Wasu sun ce ko da filas ne da zai faɗa, abin ya riga ya kai masa wuya. Mai yiwuwa. Amma mako biyu ya yi yana zama da mu a kan filas bai faɗa ba. Namiji a ƙasarmu ba ya iya kallon idon tsaransa ya ce ya kasa. Yana buƙatar wurin da zai ajiye idonsa, su ma su ajiye nasu, da ɗan lokacin da ba na kowa ba. A gona akwai aiki, a masallaci akwai jama'a, a waya sai gaisuwa. Mu dai ba mu san wani wuri a rayuwarmu da maza tara ke yin shiru tare suna kallon abu ɗaya ba, in ba wannan minti biyun ba. Bayan nasa mun ji wasu a daidai wannan gaɓar: maganar 'yar da aka sako, maganar ciwon da asibiti suka gano, maganar yaron da ya tafi Libiya ya daina kira.

Don haka muka yi sulhu da aljihu ta wata hanya. Zagaye uku ya koma biyu, sai daren Juma'a. Suga ya ragu, wanda dama likita ya hana Kawu. Ruwan farko ya koma rabin kofi, jikan ya lissafa ya ce ya isa in aka daɗe ana jujjuyawa. Gwangwanin karo-karo kuma aka mayar da shi bayan ƙofa, aka yanka masa 'yar kafa a murfi, mai jefawa ya jefa a duhu, ba a ƙirga sai ƙarshen wata, ba a kuma tambayar wa ya sa nawa. Wani watan yakan gaza. Ana samun wanda ya cika, ba a san ko wane ne ba, kodayake muna zargin tela.

Shuɗiyar buta har yanzu ana ba ta nata rabin kofin, duk da mun yarda da yaron cewa ba ta buƙata. Hannunta ya taɓa cirewa, muka kai wa maƙeri. A garin da sunansa ke ɗauke da maƙera ba a rasa mai wannan aiki. Ya duba ya ce sabuwa ta fi arha a Jega. Muka ce mun sani. Ya ɗaura mata wani hannun da ya fi na asali kauri, yanzu in an ɗaga ta sai ta ɗan karkata hagu.

Hunturun da ya wuce Kawu bai fito zaure ba. Ƙafa ta riƙe, hannu yana rawa, ba ya iya ɗaga buta ba tare da ta yi masa ɓari ba. Yana ɗakinsa da ke jikin zauren, bango ɗaya ne tsakaninmu, Inna ta ce yana jin komai: ƙarar mafici, tafasar ruwa, har ƙaran murfin tangaran in ana jujjuyawa. Dahuwa ta koma karɓa-karɓa. Kofin farko da aka tace ana kai masa, kuma kafin ya kai baki sai ya ɗora bayan yatsunsa a jikin gilashin, ya ɗan jira, kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Wani daren Asabar jikan ne ke kan kurfoti. Muna kallo ya zuba rabin kofi, ya rufe, ya jujjuya, ba waya a hannunsa. Ya tace ya ɗauki na Kawu da kansa, biyu daga cikinmu muka bi shi don mu gaida tsoho. Kawu ya taɓa gilashin, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye.

"Wa yad dahwa?"

"Ni ne, tsoho."

"Kai da kac ce asara ta?"

"Har yanzu ƙaramar asara ce. Babbar ce na yarda."

Kawu ya sake kurɓa. Ya ce citta ta yi yawa. Sannan ya miƙa kofin ya ce a ƙaro, a kuma zuba wa Inna nata tun bai huce ba.